Na hana ɗana ƙwai, madara da gyaɗa, ya rame, kuma susar ba ta tsaya ba

Uwar Auta, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin halin da nake ciki ta taimaka mini da shawara.

Autana shekararsa 2 da wata 7. Tun yana wata 5 ƙuraje suka feso masa a kumatu, ƙanana kamar na zafi, daga baya suka bushe suka yi ɓawo. A lokacin kowa cewa yake yi haƙori ne, ko kuma nono ne ke ɗiga masa a fuska. Yanzu abin ya bar fuskar ya koma cikin lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya, da idon sawu. Fatar wuraren ta yi kauri ta yi baƙi, duk ta tsattsage. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa kuwa ba mu ƙara yin barcin kirki ba. Wajen ƙarfe 2 na dare yake tashi yana susa da hannu bibbiyu, yana goga ƙafa da ƙafa. In na riƙe hannayen sai ya dinga goga wuyansa a kafaɗata yana kuka. Da safe in na zo gyaran gado sai in tarar da ɗigo-ɗigon jini a zanin, ga garin fata kamar an barbaɗa dusa.

Surukata ta ce ƙwai ne, na daina ba shi. Maƙwabciyata ta ce ai gyaɗa ce, har man gyaɗa kada ya shiga tukunyarsa, na daina. A wani zaure na WhatsApp wata ta rubuta cewa madara da alkama su ne tushen duk wani ciwon fata, su ma na cire. Wani mai magani da aka kai ni wurinsa ya ce sanyi ne ya gada daga gare ni, a hana shi kifi da naman akuya. Yau wata 4 ke nan abincinsa bai wuce koko ba madara, da farar shinkafa da man ja, da tuwon masara miyar kuka. Yayyensa in za su sha shayi da burodi sai sun shige ɗaki sun rufo ƙofa, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofar yana bugawa. Wallahi ranar da na ga haka sai da na yi hawaye. Makon jiya na ɗora shi a sikeli, kilo 11 da ɗan kai, alhali kafin in fara wannan hanin ya haura 12.

Abin sha kuma babu wanda ban saya ba. Man habbatus sauda da zuma safe da yamma, garin zogale a cikin koko, ƙwayoyin man kifi da nake fasa masa a cokali. Akwai kuma wani man shafawa da aka ba ni a kemis, wai mai haɗi uku. In na shafa, kwana 3 fatar ta yi sumul, in na bari mako guda ta dawo fiye da da. Na lura wuyansa ya fara yin haske daban da sauran jikinsa.

Batun tsafta ba na wasa. Sau biyu nake yi masa wanka da ruwan zafi da soso da sabulun salo, ina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan, kayansa kuma a wanke a goge a turara.

To me ya rage da ban cire ba? Akwai gwajin jini da zai nuna mini abincin da ke yi masa haka? Kuma a cikin kayan nan na sha, wanne ne ya yi wa wani aiki da gaske?

Hajiya Kaka, Katsina

Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ni ban yi boko mai nisa ba, jikata ce ke rubuta mini, amma na raini 'ya'ya 8 kuma biyu daga cikinsu sun yi wannan ciwo. Mu kirci muke ce masa. Abin da ya tsaya mini a rai a duk bayaninki shi ne yaron da aka hana madara da ƙwai da kifi da gyaɗa gaba ɗaya. Haba 'yata, da me zai yi ƙashi? Ciwon fata ana rayuwa da shi har a girma, amma yaro in ya faɗa tamowa wahalar ta fi wannan.

Sannan ki ajiye soson nan. Fatar da take a tsage ba a dirje ta. Ni abin da na riƙe wa nawa shi ne man kaɗanya, ɗanye, wanda ba a zuba masa turare ko kala ba. Ki gutsuro ki murza a tafin hannu har ya narke, ki shafe shi tun jikinsa da danshin wanka, kada ki bari iska ta sha shi. Da azahar ki ƙara, da za a kwanta ki ƙara. Lokacin hunturu har sau 4 nake yi. Ki yanke masa farce ƙasa-ƙasa duk bayan kwana biyu, da dare ki zura masa safa ta auduga a hannu. Rigar sanyin nan mai gashi-gashi kada ta taɓa fatarsa, sai kin sa masa ta auduga daga ciki.

Ɗaya daga cikin nawa kafin ya shiga firamare ya rabu da abin. Ɗayar kuwa har yanzu da aurenta in sanyi ya shigo sai hannayenta sun tsage, amma ba ta taɓa barin cin komai ba.

Malamar Jinya, Zariya

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari 'yar uwa, duk wadda ta yi jinyar yaro mai susar dare ta san abin da kike ciki. A ɓangaren yara nake aiki, kuma irin labarinki ina jin sa kusan kowane mako in hunturu ya shigo. Ba zan iya yanke miki hukunci ban ga yaron ba, amma zan faɗa miki abin da na sani.

Da farko a tabbatar da sunan ciwon, domin a ƙasar nan muna cakuɗa abubuwa uku. Abin da yawancin mutane ke kira ekzima, wato farin dabbare-dabbaren nan na ƙirji da baya, ƙyasbi ne, naman gwari ke kawo shi kuma maganinsa daban. Akwai ƙazuwa, ita kuma wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke shiga fata, za ki ga mutanen gida da yawa suna susa da dare, musamman tsakanin yatsu. Na uku shi ne ainihin abin da likitoci ke kira ekzima, wanda Hajiya ta ce kirci. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma yana bin dangin da ake da asma ko yawan atishawa da ƙaiƙayin ido. Yadda kika ce ya fara a kumatu sannan ya koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, haka wannan na ukun yake tafiya.

Matsalar a fatar take. Ki ɗauki fata kamar katangar ƙasa da aka yi wa yaɓe. Ta yaronki yaɓenta bai da ƙarfi, ruwan jiki yana tserewa ta tsagun, ƙura da sabulu da turare suna shiga. Jiki ya tayar da faɗa, wurin ya yi ƙaiƙayi, ya sosa, tsagar ta ƙara buɗewa. Shi ya sa iskar hunturu ke tayar da shi. Kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: wankan da kike yi masa da kyakkyawar niyya yana cikin abin da ke rura wutar. Ruwan zafi da sabulu mai kaifi suna wanke ɗan maiƙon da ya rage, soso yana karce fatar, maganin da kike ɗigawa a ruwa yana ƙona ta, turaren wuta da humra kuma ƙamshinsu na maƙale a tufafi. Ki koma ruwa mai ɗumi-ɗumi, sau ɗaya a rana, minti 5 zuwa 10, da tafin hannu kawai. Ki ɗan dangwale shi da tawul, kafin minti 3 ki mulke shi da man kaɗanya ko basilin marar ƙamshi. Kuma da yawa ake shafawa. Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ita ce yaro mai wannan ciwo ya cinye giram 250 zuwa 500 na man shafawa a mako guda. Man zaitun kada ki sa, duk da albarkarsa a ci. An gwada shi a Jami'ar Sheffield a 2013 aka ga yana ƙara raunana fata idan ana shafawa.

Yanzu batun abinci, wanda shi ne ya sa na tsaya rubutu da tsawo. Gaskiya ne wasu yara masu ekzima suna da abincin da jikinsu ba ya karɓa, kuma waɗanda aka fi samu su ne madara, ƙwai, gyaɗa, kifi, alkama, waken suya da riɗi. Amma yawancin masu ciwon ba abinci ne ke tayar musu ba. Wanda abinci ke yi wa illa da gaske, galibi ba a ɓoye yake ba: daga 'yan mintuna zuwa awa 2 da ci za ki ga borin jini, ko leɓe da ido sun kumbura, ko amai, ko numfashi yana fita da ƙara. Kin cire abinci wajen 6 tsawon wata 4 kuma susar tana nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ba can ɓarawon yake ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne hanin kansa yana iya jawo abin da ake gudu. A Landan an yi wani babban bincike da aka fitar a 2015, a kan jarirai 640 masu ekzima mai tsanani ko waɗanda ƙwai ba ya karɓarsu. Aka raba su biyu, rabi ana ba su abincin gyaɗa a kai a kai tun ba su kai shekara ba, rabi an hana su. Da suka kai shekara 5, a cikin waɗanda aka hana kusan 17 cikin 100 jikinsu ya ƙi gyaɗa, a cikin masu ci kuwa kusan 3 ne kacal. Bayan wannan binciken ne Amurka da wasu ƙasashe suka sauya shawarar da suke ba iyaye. Mu da kunun gyaɗa yake cikin abincin yaye tun kaka da kakanni, bai kamata mu yar da shi haka kawai ba.

Amma kada ki tashi gobe ki haɗa masa duka a faranti ɗaya. Tunda ya daɗe bai ci ba, a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, da safe yadda za ki sa masa ido, a bar kwana 3 tsakanin wannan da wancan. Gara ki fara ganin likitan yara, saboda ramar ma tana buƙatar a duba. Ki gaya mini, kafin ki hana shi, ya taɓa cin ƙwai ko gyaɗa ya kumbura? In ya taɓa, to wannan abincin ba a gida za a gwada shi ba, sai a asibiti.

Kayan sha kuwa, ga abin da aka sani. Zogale abinci ne mai kyau, ki ci gaba da sa shi a miya, amma ba maganin ekzima ba ne. Man kifi da aka gwada a kan masu ciwon bai nuna wani abin a zo a gani ba, kuɗinsa gara ki sayi kifin kansa. Haka ƙwayoyin nan na gyaran hanji da ake kira furobayotik, da aka tattara gwaje-gwajensu a 2018 an ga kusan babu bambanci ga wanda ciwon ya riga ya kama. Bitamin D ne ya ɗan nuna alama: a Mongoliya an ba yara 107 ko dai shi ko makamancinsa marar magani a ciki tsawon wata guda a lokacin sanyi, waɗanda suka sha na gasken suka fi samun sauƙi. Sai dai can ƙasa ce da sanyi ke hana mutane ganin rana, kada ki saya da kanki sai likita ya ce yana buƙata. Man habbatus sauda kuma kada ki shafa a kan fatar da ta tsage, akwai waɗanda yake sa wa ƙuraje.

Man nan mai haɗi uku shi ya fi tayar mini da hankali. Irinsu suna ɗauke da sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, mai ƙarfi ƙwarai, kilobetasol ko betametason, wanda bai dace da wuya ko fuskar ƙaramin yaro ba. Hasken da kika gani a wuyansa aikinsa ne, in aka daɗe yana sa fata ta yi siriri. Ba wai sitiroyid gaba ɗaya ne abin gudu ba, shi ne ma ke kashe wutar idan ta tashi. Akwai mai sauƙi irin haidirokotison mai kashi 1 cikin 100, da likita zai ce a shafa a wurin ciwon kawai na 'yan kwanaki. Ki tafi da kwalin man asibiti su ga abin da aka daɗe ana shafa masa. In kuma kika ga wurin yana tsattsafo da ruwa, ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ga zazzaɓi, kada ki jira gari ya waye sau biyu.

Baban Biyu, Kaduna

Allah ya ƙara sauƙi Uwar Auta. Ni bari in ba ki labarin yadda abin yake idan na gaske ne, don ki gane bambanci.

Ni gyaɗa ce ba ta karɓe ni ba tun ina yaro. Wata rana da daddare abokina ya sayo tsire, na ɗauki yanka biyu, na manta shaf cewa da ƙuli-ƙuli ake yin yajinsa. Ban gama taunar na biyun ba na ji harshena yana ƙaiƙayi. Kafin minti 10 leɓena ya yi suntum, jikina duk ya yi rudu-rudu, maƙogwarona kamar ana shaƙe ni da rawani. A bayan babur aka kai ni asibiti, suka yi mini allurar adirenalin a cinya. Likitan ya ce irin wannan kumburin, ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta tare shi, allurar ce kaɗai.

Tun daga ranar nake tambaya kafin in ci miyar taushe ko kwaɗon zogale a gidan biki, domin duk da gyaɗa ake yin su. Amma ni fatata lafiya lau, ban taɓa yin kirci ba. Ɗiyata kuma tana da kircin, tana cin gyaɗarta ba abin da ke samunta. A gida ɗaya muke, ciwo biyu ne daban.

Uwar Auta, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama Hajiya, maganarki ta shige ni. Malama, bai taɓa kumbura ba ko sau ɗaya. Da can yana cin dafaffen ƙwai guda ya tashi, kunun gyaɗa kuwa da shi na yaye shi. Babu mai susa a gidan sai shi, amma babansa yana da asma. Gwajin jinin fa, in yi?

Malamar Jinya, Zariya

To alhamdu lillahi, wannan labari ne mai daɗi. Gwajin jini ba na ba ki shawarar ki je ki yi da kanki. Yakan nuna abinci da yawa da yaro ke ci lafiya, ki dawo da doguwar takarda ki ƙara hana shi. A Ghana an gwada yaran makaranta sama da 1,600, jinin kusan 17 cikin 100 ya nuna gyaɗa, amma waɗanda gyaɗar ke dama da gaske ba su kai 2 cikin 100 ba. Masu binciken sun danganta abin da cutar tsagiya, wadda ke rikita sakamakon, kuma kin san mu ma muna da ita a garuruwan da ke bakin ruwa. Gwajin yana da amfani ne idan akwai abinci guda da ake zargi saboda abin da aka gani da ido, likita ya nema don ya tabbatar. Tunda kina Kano, ki nemi a tura ku wurin likitan fata a Asibitin Malam Aminu Kano.

Uwar Auta, Kano

Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari bayan mako 3, tunda kun damu da mu.

Mun ga likita. Ta duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, ta ce ekzima ce, ta karɓe man nan mai haɗi uku ta ce kada in ƙara. Ta rubuta mai sauƙi na wuya, da wani na bayan gwiwa inda fatar ta yi kauri, ta nuna mini yadda zan matso daidai tsawon gaɓar yatsana ta farko, ta ce wannan ya ishi wuri mai faɗin tafin hannuna biyu. Kwanakin farko da na daina tsohon man sai da wuyan ya tashi sosai, har na kusa komawa kemis. Na daure.

Soso na jefar. Kayansa na ware su daban, ba na turara su, abin da surukata har yanzu ba ta gamsu da shi ba, ta ce yaro yana warin kaɗanya. Na ce mata Mama a yi haƙuri zuwa bazara. Robar man kaɗanya tana kan taga kusa da inda nake salla, duk sallar da na idar in ya zo kusa sai in kama shi in shafe.

Ba zan ce ya warke ba. Bayan gwiwar hagu har yanzu da kauri, kuma shekaranjiya da aka yi ƙura sosai ya tashi sau ɗaya da dare. Amma zanin gadon babu jini yau kwana 9.

Abinci mun fara da madara, sannan burodi, sannan kifi. Ranar Asabar na dafa ƙwai ya dahu sosai, na ba shi kwata, na zauna kusa da shi ina duba leɓensa da agogo har awa 2 ta cika. Babu abin da ya faru, sai ma binni da yake yi da faranti yana cewa in ƙara. Jibi in Allah ya kai mu za mu gwada kunun gyaɗa, cokali biyu da safe.